Takarda Iri Ɗaya

Yordanos ta riga ta karɓi katin shiga jirgin sama sa'ad da ta ji muryar saurayinta Habtom a layin da ke gefenta.

Da gangan suka raba layi. 'Yan uwansu 'yan Eritiriya masu gudun hijira a Kampala sun sha ja musu kunne cewa duk wanda aka san yana da alkawarin aure, sai a mayar da tafiyarsa baya.

"Wannan ba fasfo ba ne," in ji ma'aikaciyar kamfanin jirgin, tana juya takardar tafiye-tafiyen 'yan gudun hijira ta Habtom da yatsu biyu. "Ban taɓa ganin irinta ba. Ba za ka hau ba."

Irin takardar ce sak a jakar Yordanos, wanda ya duba tata ne dai bai tsananta ba. Ta matso ta durƙusa kamar mai gyara takalmi.

"Wuce, Yordi," ya ce ƙasa-ƙasa, bai dube ta ba. "Ba ki san ni ba. In suka ga taki, mu biyu za su hana."

Aka fara kiran fasinjoji. Ta dubi ƙofa, ta dubi zufar da ke bin wuyansa har kan zaren gicciyen da ta ɗaura masa da hannunta.

Ta miƙe, ta shimfiɗa takardarta kusa da tasa.

"Ke kuma fa? Wane ne shi a wurinki?" in ji ma'aikaciyar.

"Mijin da zan aura ne."

Matar ta tattara takardun biyu, ta ɗauki waya. Habtom ya damƙe hannun Yordanos a gaban kowa, bai saki ba.