Rabon Gyaran Manhaja

Buƙatar gyara ta goma sha ɗaya ta faɗo wa Dogo tun shayinsa bai huce ba. Ya doki tebur ya miƙe.

Wata guda ke nan, duk gyaran da ke cin rai a manhajar kamfanin shi ake jibga wa. Sauran masu rubuta manhaja kuwa sai canza launin maɓalli suke yi, suna ta hira.

Ya banka ƙofar shugabar sashe. "Hajiya, me na tsare miki? Ni kaɗai ne mai hannu a nan?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba ni ke rabo ba, manhajar rabon aiki ce. Ba kai ka rubuta mana ita bara ba?"

"To wallahi ta lalace!"

Ya koma ya buɗe ta yana huci. Can ƙasa ya ci karo da layin da ya cusa a ɓoye, don ya gasa wa abokin aikinsa Dattijo aya a hannu: duk gyara mai wuya, a tura wa wanda ya fi kowa daɗewa a sashen.

Dattijo ya yi ritaya watan jiya. Dogo ne ke bi masa.