Gefen Gonar Malam Ishaya

Kwana tara ke nan Baffa Sale yana bi ta gefen gonar Malam Ishaya a hanyarsa ta neman ƙwadago, kuma kullum sai ya ja tsaki. An girbe dawar tsakiya tas, an kwashe, amma layi huɗu na bayan bishiyar kuka suna nan tsaye. Kowace safiya kuma sai ya ga zangarniyar ta ragu. Wani na yi wa bawan Allah sata da rana tsaka, shi ko a jikinsa!

Abin ya fi ci wa Baffa rai ne don shi bana ko zangarniya ɗaya bai yanka ba. Ambaliya ta shafe gonarsa ta gado da ke Miga, ga yara huɗu a gida, ga rumbu wayam. Abu ɗaya ya rage masa a nan Yalwawa inda yake zaune, mutuncinsa, shi kuwa ya riƙe shi gam.

Malam Ishaya tsohon malamin makaranta ne, Kirista, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ranar da cocinsu ta yi bikin godiyar girbi ya aiko da rabin buhun dawa. Ko awa ɗaya buhun bai yi a zauren Baffa ba ya mayar da shi, ya ce gidansa ba a cin sadaka. Sannan ya kafa wa matarsa Zaituna doka: kada ta kuskura ta karɓi ko ƙwaya ɗaya daga hannun kowa.

Da ikon Allah tuwo bai yanke ba. Bayan azahar Zaituna kan zura hijabi ta fita, ta ce sussuka take taya mutane ana sallamarta da hatsi. Wannan Baffa ya yarda da shi, ai gumi ne.

Mayar da buhun nan dai ya tsaya masa a rai, don ya san ya yi wa maƙwabcinsa rashin kyautawa. Sai dabara ta faɗo masa. Ran Lahadi da sassafe, Malam Ishaya na coci, ya ɗauki wuƙarsa ya nufi gonar. Ya yanke layukan nan huɗu kakaf, har zangarniyar da ta faɗi ƙasa bai bari ba. Dami bakwai cif. Ya ari amalanke ya jibge su a ƙofar gidan Malam Ishaya, ya tsaya yana sharce gumi.

Malam Ishaya ya dawo riƙe da Littafi Mai Tsarki, ya ga dawa, ya yi turus.

"Baffa, daga ina wannan?"

"Daga gonarka mana! Malam, allo da alli ne naka, noma ka bar mana. Ɓarayi sun kusa cinye ka."

Maimakon godiya, sai dattijon ya zauna a kan dakali. "Kash. Ai da gangan na bari. A addininmu an ce in ka yi girbi kada ka share gefen gona, ka bar wa mabukaci ya zo ya yanka, ba sai ya haɗa ido da kai ba."

"To ga ta nan, ya zo gida ya karɓa."

"Ba zai yiwu ba."

Baffa ya tura amalanke ya tafi ransa a ɓace. Ka yi wa mutum aikin wuni kyauta ya saka maka da wa'azi! A hanya har yana mita, wai irin wannan ne ke sa raggaye su miƙe ƙafa, wani ƙaton banza na can kwance ana ciyar masa da iyali.

La'asar sakaliya ya shiga gida. Murhu a sanyaye, ba hayaƙi. Yaran sun jeru a gindin katanga, ƙaramar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Zaituna na zaune a kan turmi da hijabinta, ƙafafunta duk ƙura.

"Ke, ina tuwo? Yau ba a yi sussukar ba ne?"

Da ta ɗago, kunya da gajiya ne kawai a idonta.

"Baban yara, ka yafe mini, ban taɓa yi wa kowa sussuka ba. Gefen gonar Malam Ishaya muke ci, yau kuwa na je na tarar wani marar tausayi ya girbe shi tas."