Gaisuwa daga Saman Gajimare

Kai da kake cewa waya ta ɗauke maka wahalar hanya, zauna ka ji.

An yi wani injiniya wanda aikinsa shi ne ɗora wata na'ura a gadon bayan jiragen sama na fasinja. Ita ke kamo intanet daga tauraron ɗan'adam ta rarraba wa na ciki, har mutum ya yi hira da iyalinsa yana kallonsu alhali yana saman gajimare. Duk jirgin da ya gama wa aiki sai ya shiga a tashi da shi, don ya tabbatar sadarwar ba ta yankewa. Gwajinsa kuwa ba ya canzawa: mahaifiyarsa yake kira a ƙauye. Matar ƙaninsa ta miƙa mata wayar, tsohuwa ta riƙe da hannu biyu kamar ƙwaryar nono, ta sa masa albarka, ta ce ta gan shi ya yi kyau. Wani lokaci ma jirgin ta saman ƙasarsu yake ratsawa, ya leƙa taga ya hango kogin da ya yi wanka a ciki yana yaro, siriri kamar zare. Sai ya ji a ransa ai ya je gida. A haka damina ta bi damina bai taka garin ba.

Ran nan ya ɗora sabuwar na'ura wadda ta fi na baya ƙarfi. Da ya kira, hoton ya fito tangaran, har ƙudan da ke kan tabarma yana gani. Tsohuwa ta yi murmushi ta ce farar rigar nan ta karɓe shi. Ya dubi jikinsa: baƙar rigar aiki ce. Ya ƙura wa fuskarta ido, sai ya ga ba wayar take kallo ba, bango take kallo, ga wata farar yana ta rufe ƙwayar idanunta biyu. Ashe ta daɗe ba ta gani, ta hana kowa faɗa masa don kada hankalinsa ya tashi yana tsakanin sama da ƙasa. Jirgi na sauka ya nemi izini, ya shiga motar haya, ya ƙarasa a kan babur. Ya durƙusa gabanta. Ta lalubo kansa, ta bi goshi da kumatu da yatsu, ta zo haɓa ta tsaya. Ta yi dariya hawaye na zuba, ta ce, "Ɗan nan, ashe gemu ka ajiye ban sani ba?" Da gari ya waye shi da kansa ya riƙe hannunta zuwa asibitin ido.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunci a ƙafa yake.