Shafin da Ya Ƙi Buɗewa

Tun hantsi Malam Siddiƙu yake danna madannin nan kamar mai kashe kiyashi. Ɗan zoben ya yi ta juyi a allon kwamfuta, ya juya, ya juya, sannan fari fat. Sauran shafuka kuwa garau suke buɗewa, har da na masu tallar maganin basir. Jaridar da ɗansa Kamal yake wa rubutu daga Kaduna ce kaɗai ta ƙi.

Kuma yau ce ranar. Kamal ya ce rubutunsa na wannan Alhamis a kan manoman albasar garinsu Gwandu ne, har da sunan mahaifinsa a ciki. Malam ya riga ya cika baki a majalisa cewa bayan la'asar zai karanta musu shi, kowa ya ji da kunnensa. Idan ya je hannu rabbana, ai sun samu abin dariya har damina ta faɗi.

Ya ƙwala wa ɗiyarsa Rahama kira. Ta shigo idanu jajir, abin da ya tabbatar masa an kwana latsa waya. Ta durƙusa, ta ɗan taɓa nan, ta taɓa can, ta ce, "Antibayiros ne, Baba, manhajar tsaron kwamfuta. Wani lokaci yakan tare shafi."

"To, cire shi mana!"

"Sai a hankali."

Sai a hankali! Malam ya ja tsaki har sai da kazar da ke bakin ƙofa ta tsorata. Wai wannan ce ta karanta ilimin kwamfuta. An yi walima, an ɗauki hoto da hular nan mai kama da faifai, amma a buɗe shafi guda ya gagara. Da Kamal ne, kafin a ƙifta ido an wuce wurin. Shi dai ya sani tun suna ƙanana, kan gidan nan wuri guda aka zuba shi.

Ya ce ta miƙo wayarsa ya kira Kamal ɗin. Ta ce ta kai caji maƙwabta, babu wuta. Rediyo fa? Batir ya mutu. Kai, gidan nan komai ya mutu sai bakin cin tuwo!

"Baba, don Allah ka jira Baffa Abubakar," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "An aika fadama a kira shi, yana hanya daga Maruda."

Nan ne dariya ta ƙwace masa, dariyar takaici. Yayansa Abubakar? Mutumin da ko lambar waya sai an adana masa, shi zai zo gyaran kwamfuta? Lallai karatun yarinyar nan asarar alli ne.

Da ta shiga cikin gida sai ya cusa kwamfutar a jaka ya fita ta ƙofar baya, don zaure ya cika da tsofaffin unguwa, sun baje tabarmi tun da safe kamar marasa aikin yi. Ba ya son gaisuwar da ba ta ƙarewa. Ta kan katanga ya hango mata suna wanke manyan tukwane, ya ce a ransa wata bidi'ar ce kuma aka ƙirƙiro ba a gaya masa ba.

Ɗan kabu-kabun da ya kai shi tasha ya ƙi karɓar komai, yana ta sunkuyar da kai. Malam ya ce ashe har yanzu akwai masu tarbiyya, ba kamar wasu ba.

Kalgo ya nufa, inda shagunan kwamfuta suka yi layi saboda ɗalibai. A Gwandu wa ya iya? Duk 'yan tura waƙa a waya ne. Hanya ta yi tsawo, bas ta yi ta tsaye-tsaye, shi kuwa yana ta shirya maganganun da zai yaɓa wa Rahama idan ya dawo, a gaban uwarta.

Ya shiga shagon wani Shamsuddeen, ya dire jaka, ya zayyana masa komai, har da tarihin ɗiyar da ta ci kuɗin makaranta a banza. Shamsuddeen ya saurara yana danne-danne. Ya duba intanet, lafiya lau. Ya canza manhajar buɗe shafi, shiru. Sannan ya shiga cikin antibayiros ɗin, ya daɗe, ya ɗago kai.

"Baba, gaskiya ta faɗa maka, shi ya tare. Amma ba da kansa ba. Wani ne ya sa sunan jaridar cikin shafukan da aka hana, ya kulle da kalmar sirri, ya kuma ɓoye gargaɗin da yake fitowa. Yau da asuba aka yi. Wanda ya yi wannan, wallahi ya san aikinsa."

"A gidana? Wa ke da wannan kan a gidana?" Malam ya taɓe baki. "Kai dai buɗe min, la'asar na matsowa."

Shamsuddeen ya sha fama kafin ya tumɓuke antibayiros ɗin gaba ɗaya. Ya juya masa allon. Malam ya gyara zaman tabarau, ya gyara murya, yana murmushin wanda ya yi nasara.

Zoben ya juya sau ɗaya, shafin ya buɗe. Hoton Kamal, wanda kullum yake ɗan mitsitsi a gefen rubutunsa, yau shi ya cika allon, kuma a ƙarƙashinsa an rubuta: Allah ya jiƙan abokin aikinmu.