Waƙar Baban Yemima

Matar ta sake dafe masa hannu daidai lokacin da zai rage sauti.

"Kar ka tsaya, ɗana. Sa wani mai zafi."

Meshak ya haɗiye baƙar maganar da ta taso masa. Duk shekarun da ya yi yana dije, mai sa kiɗa a bukukuwan Kafanchan, ba wanda ya taɓa riƙe masa hannu a kan na'urarsa, ko fasto bai isa ba. Yau ga wata dattijuwa ta ɓullo ta bayan sifikoki, leshi mai tsada a jiki, silifas ɗin wanka a ƙafa, ido jajur, wai ita ce za ta koya masa aiki. Wannan tun safe ta fara da burkutu, ya ce a ransa. Kowane biki sai an samu irinta.

Shi fa ya san yadda ake riƙe fili. Ka buɗe da waƙoƙin yabo, 'yan zumuntar mata su miƙe. Kafin guminsu ya bushe ka saki gangar Jaba, tsofaffi su ajiye cokali. Daga nan ka jefa wa samari nasu na zamani. Amma ƙafa ma tana gajiya. Dole a sauke mutane a hankali, a ba su abin da zai taɓa zuciya, sannan a sake ɗaga su.

Kuma abin taɓa zuciyar yana hannunsa. Amarya Yemima da ƙafarta ta zo shagonsa, ta ba shi muryar mahaifinta, Baba Bartholomew, manomin citta a Kwoi, yana rera waƙa da yarensu a gona, bai san tana ɗauka a waya ba. Meshak ya ɗora wa muryar kiɗa mai sanyi. Shirin shi ne a tsakiyar biki tsohon ya ji kansa a sifika, ta jawo shi fili su taka tare.

"Ko za ka manta da komai, ban da wannan," ta ce masa ranar. Ya yi mata alkawari.

Yanzu ga ta can cikin farar riga, tana rawa tana waigo shi, tana tambaya da ido. Leonard, mai gabatar da biki, wanda ya kamata ya kira tsohon, sai maimaita abu ɗaya yake yi, wai iyayen amarya suna nan tafe. Ya ƙi ma yarda su haɗa ido. Kujerun iyaye a babban teburi ba kowa a kai. Dattawa kuma sai zamewa suke ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan zauren, su dawo su zauna, shinkafa na hucewa a gabansu.

Ka gani ko! Kiɗa ya gundure su. Gobe a kasuwa ba za a ce wata mata ta hana shi aiki ba, cewa za a yi Meshak ya kashe biki, ya kuma yaudari amarya.

Ya sa mai zafi. Ya ƙara wani. Ya tono tsofaffin da ya ajiye don ƙarshe, har ya fara maimai, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Matar na tsaye a bayansa kamar mai gadi, sifikoki sun kare ta daga idon amarya. Ita da ke neman kiɗa, ko kai ba ta kaɗawa. Idonta na bakin ƙofa, inda motar ango ke jira da furanni a goshi.

"Ya rage kaɗan," ta ce. "Bari matan gidan ango su ɗauke amarya tukuna. In mota ya fita, sa abin da ka ga dama."

In mota ta fita! Ya sa wa wa? Kujeru?

Sai ya hango su kuwa, matan gidan ango, sun haɗu a gefe da sabon zanen da za su lulluɓe amarya. Yemima ta waigo shi, wannan karon ba murmushi. Nan jininsa ya tafasa.

"Haba Mama, da girmanki! Bikinki ne? Ke kika ɗauke ni aiki? Don Allah matsa mini!"

Ya fizge hannunsa ya danna.

Muryar tsohon ta cika zauren, mai kauri, da ɗan haki na mai riƙe da fartanya. Yemima ta yi tsalle kamar ƙaramar yarinya, ta tattare riga ta ruga tsakiyar fili, hannu a miƙe, tana juyi tana neman sa cikin jama'a. Samari suka ɗau tafi. Meshak ya ji sanyi a ransa, har ya juya don ya harari matar.

Ba ta nan. Kuma tafin bai je ko'ina ba. Leonard ya sauke makirfo. Cikin 'yan zumunta wata ta toshe baki da gyale, abin ya fi ƙarfinta, ta fasa kuka. Wata ta kama. Matan gidan ango suka dubi juna, suka naɗe zanensu, suka ja da baya.

Matar ce ke ratsa fili a hankali zuwa wurin amarya. Yemima ta sauke hannu.

"Mama? Ina Baba?"

Ta rungume 'yarta, ta dubi Meshak ta saman kafaɗarta, ba faɗa ba hargowa, ta ce da Hausarta ta mutanen Kwoi:

"A wurinmu, in an sa kuka ba a kai amarya. So nake ya shiga gidan miji kafin ya ji. Muna fitowa daga coci babansa ya faɗi, ni na rufe masa ido."