Fiffiken da Ke Sito

Tun da doka ta ce manhaja ce kaɗai ke iya hana jirgin yaƙi tashi, aikin Saje Ɗan'asabe, tsohon makanike, ya koma goge gilashi. Amma kullum da safe sai ya ƙwanƙwasa fiffike da 'yar guduma, ya kasa kunne.

Kyaftin Ramlatu, matuƙiyar jirgin, ta same shi a haka.

"Baba Saje, me ƙarfen ya ce yau?"

"Ranki ya daɗe, amonsa kamar fasasshiyar ƙwarya."

Ta nuna masa allon hannunta, kore shar. "Manhaja ta ce sabo ne."

"Ba ta yi ƙarya ba. Bara da ta nuna ja, manya suka sa na cire na'urar da ke auna lafiyarsa, na liƙa wa sabon fiffiken da ke sito. Shi take saurare."

"To, a ɗaura sabon mana."

"Sai manhaja ta nuna ja ake ba da izinin gyara."

Ta yi murmushi, ta miƙa masa makullin motarta. "Ka kai wa Umma."

Ya goge mata gilashin tas, don ta ga komai.