Rigar da Ba Ta Ɓoye Rama

Ita kaɗai ta shiga shagon, ba ƙawa ba ƙanwa. Ango kuwa ya riga ya ce duk rigar da ta zaɓa ta yi masa. Da telan ya gan ta, sai ya ajiye almakashi a hankali. Shekara uku ta yi tana jiran telan nan ya turo magabatansa, har ta gaji ta amsa wa wani.

Ta miƙa masa waya. "Irin wannan nake so. Ta kama jiki, sai daga gwiwa ta buɗe."

Ya daɗe yana kallon hoton kafin ya dube ta. "Kin rame."

"Hidimar biki ce."

"Wannan ɗinkin ba ya rufa wa mutum asiri. In kika ƙara ramewa kafin ranar, kowa zai gani. Mai faɗi ta fi."

"Na gaji da ɓuya a cikin yadi," ta ce. "Saura sati biyar. In kana da wata magana ban da ta ɗinki, yanzu ne lokacinta."

Ya ɗauki tef ɗin awo ya yi ta naɗe shi a yatsa. Ta jira har jikinta ya yi sanyi.

"Wane launi?" ya ce, idonsa a ƙasa.

Ta karɓe wayarta. "Bar shi, malam. Zan kai wa wani."

A bakin ƙofa ta ɗan dakata. Ba ta ji ƙarar keken ɗinkinsa ba, amma kuma bai kira ta ba.